Bikin Rigata Da Tsibiran Da Ruwa Ya Ci

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma Gungawan ƙasar Yauri ba don son ransu suka bar nasu ba. A 1968, da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, ruwa ya taru ya shanye tsibirai da fadamun da suke noman albasa, ya kuma haɗiye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Mutane fiye da 40,000 aka tayar, aka sake musu matsuguni a tudu.

In ana bikin Rigata a Yelwa, jama'a kan cika bakin ruwa maƙil, ana tseren kwale-kwale da iyo, manya suna jawabi a rumfa. Ba mu ƙi wannan ba. To, amma tarihin baka ya nuna asalin wasan gwanintar jaruman Gungawa ce wajen farautar dorina. Mutum nawa ne cikinmu zai iya faɗin sunayen tsibirai biyar da waɗannan jarumai suka fito?

Wanda yake ɗan shekara 20 lokacin da ruwa ya zo, yau ya doshi 80. Harshen Reshe kuma sai ja da baya yake yi a bakin yara, Hausa tana maye gurbinsa. Duk dattijon da aka kai makwanci, da iyakokin gonaki da hanyoyin ruwa da labarin kakanninsa ake rufe shi. Yawancin abin da muke karantawa game da Yauri ta 1830, Richard Lander da ƙanensa John ne suka rubuta. Abin kunya ne jikokinmu su ma su dogara ga baƙi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai na Yauri da Ngaski da Shanga, kowa ya ware mako guda cikin dogon hutu, ya zauna gaban dattawan Gungawa da Kambari da Shangawa da Sarkawa, ya ɗauki muryoyinsu cikin harshensu, wayar hannu ma ta isa. A kai kofe sashen tarihi na jami'a, a kai wani fadar Mai Martaba Sarkin Yauri. Ku kuma matasan ma'aikata da ke tsara kuɗin biki, ku sa wa wannan aiki kasonsa, ko da za a rage na rumfa da lasifika.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa mu dace, amin.