Ma'aikacin Ɗakin Littattafai: Sai Ya San Hanya Zai Nuna Ta

Shekara da shekaru ƙasar Nijar jami'ar gwamnati ɗaya tak gare ta, wato ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, aka kuma raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka kafa na Maradi, da Damagaram, da Tawa. A 2014 aka ƙara na Agadas, da Difa, da Doso, da Tilaberi. Da haka suka zama takwas ke nan. Amma fa gini da kujeru kaɗai ba su yin jami'a. Ɗakin littattafai shi ne rumbun kowace jami'a, ma'aikacinsa kuwa shi ke riƙe da mabuɗi.

A da aikin wannan ma'aikaci bai wuce jera littattafai, da cika kati, da ba da aro ba. Yanzu galibin sabon bincike ta intanet yake fitowa, saboda haka dole ya iya abu huɗu: gane abin da mai tambaya ke bukata, sanin inda ake samunsa, auna ingancinsa, da yin amfani da shi ba tare da satar gumin wani ba. Wannan ita ce ƙwarewar neman bayani da tantance shi, wadda taron masana da UNESCO ta shiga shiryawa a Iskandariya ta Masar a 2005 ya sanya cikin haƙƙoƙin ɗan Adam.

Abin lura shi ne, tsadar mujallu ba ta isa hujja ba kamar da. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari, a 2003 hukumar FAO ta buɗe AGORA don masu nazarin noma. Daga baya aka tara su ƙarƙashin Research4Life. Nijar tana cikin ƙasashen da aka yarje wa karanta dubban mujallun nan kyauta. Sharaɗin kawai jami'a ta yi rajista, a damƙa wa ɗakin littattafai kalmar shiga. In ma'aikacin bai san da haka ba, ko bai iya lalube a ciki ba, ɗalibin noma a Maradi zai gama kundinsa kan cutar gero da takardun shekara talatin. Rashin sani ke nan, kaza ta kwana a kan dami.

Tantancewa ma ta zama tilas. Akwai mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga ko mene ne ba tare da masana sun duba ba, suna farautar malamai matasa, tun da ƙarin girma a jami'a da yawan rubutu yake. Tun daga 2022 kuma na'urori irin su ChatGPT suka shiga hannun ɗalibai, alhali sukan ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Wa zai gane jabu in ba wanda aikinsa ke nan ba?

Makarantar EBAD ta Dakar tana horar da ma'aikatan littattafai na ƙasashe masu aiki da Faransanci tun 1967, amma wanda ya karɓi takardarsa kafin zuwan intanet yana bukatar sabon horo. Ya kamata hukumomin jami'o'i su ware kuɗin wannan horo kowace shekara, su tabbatar da lantarki da intanet a ɗakunan, su kuma ba ma'aikatan sa'o'i cikin tsarin karatu don koya wa ɗaliban shekarar farko dabarun bincike. Jami'o'i takwas ɗin suna iya haɗa hannu su yi horon wuri guda, nauyi ya ragu.

Likitoci, da malamai, da jami'an gona da za su riƙe ƙasar nan gobe, da abin da suka karanta yau za su yi aiki. In ma'aikacin ɗakin littattafai ya ƙware, ɗaruruwan ɗalibai za su amfana da shi kowace shekara. In an bar shi a baya, tare da su aka bari.