Kundin Masu Ba Da Gudummawa

Ƙungiyoyin agaji da dama sun bar rubuta sunayen masu taimakonsu a littafin sakatare, sun zuba su cikin kwamfuta. Kundi guda ke karɓar sunan wanda ya bayar ta shafin intanet, ya aika masa da rasit, ya kuma tuna masa ta imel in shekara ta zagayo.

To, amma wannan sauƙi shi ya jawo abin kunya a Ingila. Cikin 2015 wata tsohuwa mai shekara 92 ta rasu a Bristol, bincike kuwa ya nuna takardun roƙo wajen 3,000 ake aika mata a shekara, don ƙungiyoyi suna ta miƙa wa juna adireshinta. A Disamba 2016 hukumar kare bayanai ta ci RSPCA tarar fam 25,000, British Heart Foundation kuma fam 18,000, saboda binciken dukiyar masu taimakonsu a ɓoye.

Nijeriya ma ta kafa irin wannan doka cikin 2023. Lalle ne kowane sakatare ya duba kundinsa, ya ware waɗanda suka yarda a riƙa rubuto masu. Wanda ya ce a cire sunansa kuwa, a cire shi ran nan.