Ƙwaya da bel ba su gyara ciwon baya

Akwai ɗabi'ar da ta kama samarinmu a Kankara da Faskari da Sabuwa, wadda idan aka yi shiru a kanta za mu wayi gari da matasa masu faɗin ƙirji waɗanda ba su iya ruku'u. Da la'asar sakaliya za ka iske su a kango, an zuba siminti a bokitin fenti biyu, an soka rodi a tsakiya, an kafa bencin katako. Motsa jiki ba laifi ba ne. Abin takaicin shi ne yaron da ya kwana yana juyi saboda ciwon ƙugu, shi ne zai biya ta kemis ya haɗiyi ƙwaya, ya ɗaure ciki tamau da bel, ya sunkuya ya fizgi nauyin da bai san adadinsa ba, abokai na ihu "Ƙara ɗaya, namiji ba ya raki!", wani kuma ya saita waya yana ɗaukar bidiyo. Wannan zaluntar kai ne, ko da an sa masa rigar jarumta.

Kada a ɗauka ina cewa mai ciwon baya ya yi sallama da ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari nasu ba wata cuta takamaimai ba ce ta jawo shi. A ƙa'idojin da ta fitar a Disamban 2023 kan ciwon da ya daɗe, motsa jiki mai tsari yana cikin abin da ta ce a yi. Dalilin a fili yake. Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan gadon baya, tsakaninsu akwai guringuntsi mai kama da matashi, kuma tsokar ciki da ta kwankwaso da ta cinya su ke tallafe su. Wanda ya shafe makonni a kwance, tsokar nan za ta saki, ciwon ya samu wurin zama. Saboda haka dattijon da ke cewa "ka kwanta, kar ka ƙara ɗaga ko buta" shi ma bai taimaki yaron ba. Abin da ake so shi ne a fara da nauyi kaɗan, a lanƙwasa gwiwa, a riƙe kayan kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan kwanaki. Sannu ba ta hana zuwa.

To ta yaya za a ƙara kaɗan-kaɗan da abin da ba a taɓa ɗora wa sikeli ba? Wannan simintin bokiti shi ne ya fi ci mini rai. Injin gidan motsa jiki, duk tsadarsa, yana da lamba a jikin kowane faranti, kuma yana riƙe wa mutum hanyar da hannunsa zai bi. Ƙarfen kanti ma an rubuta masa kilo. Namu kuwa wani ne ya kwaɓa da ido, ɓangare ɗaya ya sha tsakuwa, ɗayan yashi ya yi masa yawa, rodin ya lanƙwashe, ƙasa ba a daidaita ba. Duk ɗagawa ɗaya, ƙugu ne ke biyan bambancin. Ga sikeli a wurin masu awon hatsi, ga shi a wurin masu sayen ƙarafa, amma a kai a auna a rubuta da fenti ya gagara, alhali kuɗin data na ɗora bidiyo a TikTok bai taɓa gagara ba. Ba a kuma zuba ƙanana don masu koyo, sai dai ƙato ɗaya da kowa zai gwada ƙwanjinsa a kai, ɗan shekara sha biyar da ɗan shekara talatin. Sai bel, wanda aka mayar kamar laya. Ƙa'idojin nan na 2023 sun ce kada a mayar da ɗaure ƙugu da bel maganin ciwon baya. Bel ba ya koya wa kowa sunkuyo, sai dai ya ƙara masa ƙarfin halin ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa.

Masu kemis kuma, ku ji tsoron Allah. Ciwo ƙararrawa ce da jiki ke kaɗawa. Wanda ya ƙulla wa yaro haɗin ƙwayoyi a leda don ya je ya ɗaga ƙarfe, ya tsinke wayar ƙararrawar ne ya bar wutar na ci. Yawan shan diclofenac yana cin ciki da ƙoda, tramadol kuwa kowa ya ga gidajen da ta rusa. Tun a makarantar allo aka koya mana cewa jiki amana ne kuma yana da haƙƙi a kan mai shi. Ƙarfin da addini ya yaba ba na ƙwaya ba ne.

Za a ce ai 'yan dako a kasuwar Sheme da ta Dandume kullum suna saɓa buhun masara mai kilo 100, ba su mutu ba. A je a dubi tafiyar waɗanda suka tsufa a sana'ar tukuna. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, mu kuwa kusan ninki biyu muke ɗora wa talaka, wannan ma abin kunya ne ga shugabannin kasuwa. Amma ɗan dako abinci yake nema wa iyalinsa. Kai da kake yi don a tafa maka, mene ne uzurinka?

Za a kuma ce asibiti ya yi nisa, hanya ba lafiya, kuɗi babu. Gaskiya ne, kuma hukumomi ne ya kamata su kawo likitocin gashin ƙashi kusa da jama'a. Sai dai akwai alamun da ba su jiran uzuri: ciwo ya sauka ƙafa har ta fara mutuwa, tsakanin cinyoyi ya daina ji, fitsari ko bayan gida ya ƙwace, ko ciwon baya ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Mai irin wannan ba maɗori ne nasa ba, ba kuma benci ba. Ya nufi asibitin Kankara ko Funtua, idan an tura shi asibitin Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano ya daure ya je.

Sauran kuwa, ku auna ƙarfenku, ku zuba ƙanana, ku hana duk wanda ya sha ƙwaya hawa benci. Iyaye su leƙa kangon nan su ga abin da 'ya'yansu ke yi. Damtse yana dawowa cikin 'yan watanni, laka idan ta taɓu ba a sayen wata a kasuwa.