KISAN KAI KO KASHE KAI? KADA HARSHE YA RIGA LIKITA YANKE HUKUNCI

Gabatarwa

Kafin in shiga bayani, ya kamata mai karatu ya san cewa ni ba da Hausa na buɗe baki ba. Ni Gbagyi ne daga Idu a Babban Birnin Tarayya, Abuja, kuma a bakin masu shayi da 'yan tireda da 'yan kasuwar Karmo na tsinci Hausa kafin in zo jami'a in karance ta. Saboda haka duk inda aka ga gwaranci, a yi mini afuwa.

A shekarata ta farko, a darasin fassara, Malam ya ba mu wani ɗan labari na Turanci game da wata mata da ta halaka kanta. Ni kuwa ba tare da wata shakka ba na rubuta cewa matar ta yi "kisan kai". A tunanina, tun da ana cewa "ni da kaina", ai magana ta fito. Malam ya karanta a gaban aji, ya dube ni ya ce, "To malam, wa ta kashe?" Aji ya fashe da dariya. Ran nan na gane cewa a Hausa wanda ya yi kisan kai wani ya kashe, shi kuwa wanda ya raba kansa da duniya sai a ce ya kashe kansa. Lafazin kusan ɗaya ne, amma ɗaya yana kai mutum gaban alƙali, ɗayan kuwa yana bar wa dangi abin kunya da baƙin ciki.

Abin da ya faru a unguwarmu

Wannan darasi ya dawo mini a wani hutu da na yi a gida. An wayi gari an tsinci gawar wata budurwa a ɗakin da take haya, ba nisa da hanyar tashar jirgin ƙasa ta Idu. 'Yan watanni kafin nan ta rabu da wanda ke neman aurenta. Kafin azahar teburin mai shayinmu ya rabu gida biyu. Wasu suka ce ai ita ta kashe kanta, domin dama ta sha cewa in ba shi ba sai rijiya. Wasu suka ce ƙarya ne, shi ya kashe ta, domin an sha ganinsa yana zagaya gidan da dare. Abin mamaki, duk cikin masu rantse-rantsen nan babu wanda ya taka ƙofar ɗakin. Aka share ɗakin, aka wanke kayanta, aka binne ta, likita bai duba gawar ba. Har yau in an ambace ta gardamar ke tashi sabuwa.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, idan mutuwa ta zo da alamar tambaya, to ba dangi ba, ba maƙwabta ba, ba mai fassara labarai ba, babu wanda ke da ikon raɗa mata suna kafin a yi bincike. Kuma mu ɗaliban harshe muna da kaso mai tsoka a cikin wannan nauyi.

Me ya sa jama'a ke rabuwa biyu?

Dalili na farko shi ne kunya. A al'adunmu da addinanmu kashe kai babban abin ƙyama ne, har ma sashe na 231 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Saboda haka da wuya uwa ta yarda 'yarta ta aikata haka. Zuciya sai ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi, kuma tsohon miji ko tsohon saurayi shi ne mafi kusa da yatsa.

Dalili na biyu kuwa, zargin nan ba daga sama ya faɗo ba, ruwa ba ya tsami banza. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu ko samarinsu ko wasu 'yan gidansu, wato kimanin 140 a kowace rana. Ba sai mun je nesa ba. A ranar 16 ga Satumba 2022 aka kashe Ummukulsum Sani Buhari, wadda aka fi sani da Ummita, a gidansu da ke Janbulo a Kano. Wanda ya kashe ta ɗan ƙasar Sin ne mai suna Geng Quanrong, wanda suka yi soyayya da shi a baya, kuma Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa a watan Maris 2024. A wannan shari'a akwai 'yan gida da abin ya faru a gabansu, suka ba da shaida. To mai karatu, da a ce ita kaɗai ce a gidan fa? Wane labari za a wayi gari da shi?

Ke nan kuskure na iya zuwa ta kowane ɓangare. In aka yi saurin cewa "ta kashe kanta", mai yiwuwa an buɗe wa mai laifi ƙofa ya fice. In kuma aka yi saurin cewa "shi ya kashe ta", mai yiwuwa an shafa wa marar laifi kashin kaji, ko ma a sa 'yan unguwa su ɗauki doka a hannunsu. Sannan in da gaske ciwon damuwa ne ya kai ta ga halaka, to an binne ta tare da darasin da zai iya ceton ƙannenta.

Darasi daga Indiya

Da yake mu ma'abota finafinan Indiya ne, da yawanmu sun kalli Ghajini na 2008, inda Jiah Khan ta fito tare da Aamir Khan. A ranar 3 ga Yuni 2013 aka tsinci gawar wannan 'yar wasa a gidansu da ke birnin Mumbai, tana da shekara 25. 'Yan sanda suka ce ita ta kashe kanta. Bayan 'yan kwanaki danginta suka fito da wata wasiƙa mai shafi 6, aka kama saurayinta Sooraj Pancholi bisa tuhumar shi ya ingiza ta. Mahaifiyarta Rabia Khan kuwa ta tsaya kai da fata cewa kashe 'yarta aka yi. A 2014 kotu ta miƙa binciken ga hukumar CBI mai binciken manyan laifuka, ita ma ta ce ba ta ga shaidar kisan kai ba. Sai a ranar 28 ga Afrilu 2023 kotu ta sallami Sooraj saboda rashin gamsasshiyar hujja.

Abu biyu nake so mu lura da su. Na farko, wannan gardama ta ci kusan shekara 10 duk da cewa an binciki gawa, akwai rahoton likitoci da kowane ɓangare zai iya dubawa ya yi jayayya a kai. To ina ga inda ba a duba komai ba? Na biyu, tuhumar da aka yi wa saurayin ba ta kisa ba ce, ta ingiza mutum ya kashe kansa ce. Wannan laifi ne mai zaman kansa, kuma yana nan a dokarmu ta Final Kod, wadda aka ɗauko tsarinta daga dokar Sudan, ita kuma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860. Ashe tsakanin "ta kashe kanta" da "an kashe ta" akwai magana ta uku, wato "an kai ta bango". Wanda ya yi saurin yanke hukunci ba zai ma tuna da ita ba.

Gaggawar jana'iza da binciken gawa

Na san wani zai ce mini, "Kai malam, mu Musulmi ne, an umarce mu da gaggauta suturta mamaci, kuma ba ma son a taɓa gawa." Wannan magana tana da nauyi, kuma ba na raina ta. Girmama mamaci abu ne mai kyau, kuma wanda ke cikin zafin rashi ba ya son jin zancen asibiti da 'yan sanda. Amma malaman fiƙihu ba su bar wannan mas'ala haka nan ba. A 1987 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta halatta binciken gawa idan alƙali na buƙatarsa don gano musabbabin mutuwa a shari'ar laifi. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu don kare haƙƙin jini bai kai zaluncin binne gaskiya ba.

Mun ga abin da rashin binciken ke jawowa a nan Abuja. Bilyaminu Bello ya rasu a watan Nuwamba 2017. Masu gabatar da ƙara suka ce matarsa Maryam Sanda ce ta daɓa masa wuƙa, ita kuma ta ce faɗawa ya yi a kan fasasshiyar tukunyar shisha lokacin da suke rigima. Babbar Kotun Abuja ta same ta da laifi a ranar 27 ga Janairu 2020, kuma rashin rahoton binciken gawa na cikin hujjojin da lauyoyinta suka ɗaukaka ƙara da su. A Legas ma, mawaƙi Mohbad ya rasu ranar 12 ga Satumba 2023, aka binne shi washegari. Da jama'a suka yi ca, sai aka tono gawar bayan kwanaki, amma likitan da ya duba ta ya ce ta riga ta lalace, ba za a iya tantance abin da ya kashe shi ba. Gawa tana ba da shaida, amma ba ta jira. Likita na iya gane ko rauni ya samu kafin fitar rai ko bayanta, ko akwai alamar kokawa, ko akwai guba a jiki. Tsintsiya da ruwan wanki kuwa suna share wannan shaida cikin awa guda.

Ina namu aikin?

'Yan'uwa, gobe mu ne masu fassara labarai a gidajen rediyo da jaridu, mu ne tafintoci a kotu da ofishin 'yan sanda, mu ne marubutan littattafai da finafinai. Hausa kuwa ta ba mu kayan aikin da za mu faɗi iya abin da muka sani ba tare da ƙari ba. "An tsinci gawarta" ya faɗi abin da ido ya gani. "Ana zargin" ya nuna magana ba ta tabbata ba. "'Yan sanda sun ce" ya mayar da magana ga mai ita. Amma "ta kashe kanta" da "ya kashe ta" hukunci ne, kuma hukunci na kotu ne. Haka nan "wanda ake tuhuma" daban, "wanda ya yi kisan" daban.

Mu kuma yi hattara da 'yar kalmar nan "wai". A aji an koya mana cewa tana nuna mai magana ji ya yi, bai gani ba. Amma na lura ba ta da tsawon rai. Mutum na farko zai ce "wai an gan shi a ƙofar gidan", na biyu ya ce "an gan shi a ƙofar gidan", na uku kuwa ya rantse cewa a cikin ɗakin aka gan shi. A waya da Facebook wannan tafiya ba ta ɗaukar minti goma. Tafintan da ya yar da "wai" daga bakin mai shaida ya mayar da jita-jita shaidar gani da ido, kuma ran mutum na iya tafiya a kan haka.

Har ila yau, mu daina ɗaukar wasu maganganu da wasa. Wadda ta ce ta gaji da duniya, a zauna da ita, a kai ta wurin likita. Wanda kuma ya ce wa tsohuwar budurwarsa in bai same ta ba babu mai samunta, wannan barazana ce, ba so ba ne. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta haramta bibiyar mutum don tsorata shi, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya.

Kammalawa

Daga ƙarshe, roƙona ga iyaye da masu unguwanni shi ne, in irin wannan ta faru, Allah ya kiyaye, a rufe ɗakin, kada a share, kada a wanke, a adana wayar mamacin, a kira hukuma, a bari likita ya yi aikinsa. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Ni kuskurena na aji dariya kawai ya jawo, Malam ya gyara da jan biro. Wanda za mu yi a gidan rediyo ko a gaban alƙali babu biron da zai gyara shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu faɗi iya abin da muka sani, amin.