Waya ta san gawo da Latin, yaro ya san shi da Hausa?

Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 kan fasahar zamani a makarantu ya ja kunnen gwamnatoci cewa shigo da waya cikin aji ba ya ƙara ilimi shi kaɗai. Faransa ma tun 2018 ta hana ɗaliban firamare da na kwaleji amfani da waya a makaranta. A darasin sanin tsirrai da halittu, batun ya shafi iyaye Hausawa na Garwa, Marwa da Injamena, waɗanda 'ya'yansu ke karatu da Faransanci.

Manhajar Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa irin su Cirad da IRD suka ƙirƙira, tana gane tsiro daga hoton ganye ko fure, kuma kyauta ce. Sai dai daga hotunan da ake tura mata take koyo, kuma na Turai sun fi na Sahel yawa nesa ba kusa ba. Ko ta dace, abin da za ta ce wa yaro shi ne Faidherbia albida. Gawo ke nan. Sunan Latin ɗin ba zai nuna masa abin mamakin bishiyar ba: tana kaɗe ganye da damina, ta yi kore shar da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinta. Wannan sai an yi watanni ana komawa gindin bishiya ɗaya ana dubawa. Da irin wannan lura manoman Maradi da Damagaram suka raya miliyoyin itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar kula da tohon kututture maimakon sare shi.

Tsarin La main à la pâte, wanda Georges Charpak, mai lambar Nobel ta 1992, ya assasa da abokan aikinsa, a kan haka ya ginu: yaro ya taɓa, ya yi hasashe, ya gwada, ya zana a littafinsa. Kayan aikin ba su wuce wake a gwangwani da gorar roba ta auna ruwan sama ba.

Waya ɗaya a hannun malami ta wadatar, kuma bayan zane ya kamata a fito da ita. Kafin nan a tura yaro gida ya tambayo kakarsa sunan aduwa, magarya da kalgo, domin a unguwannin da Faransanci, Fulatanci ko Larabci suka fi ƙarfi, irin waɗannan sunaye ne ke saurin ɓacewa daga bakin yara.