George Ya Yi Wa Lennie Jinƙai Ne, Ko Ya Ci Amanarsa?

Duk ranar Juma'a a karar Wudil, idan saniya ta karye wajen sauke ta daga mota, ba a dogon shawara. Mai ita zai ƙwala wa mahauci kira, a yanka ta kafin ta zama mushe, kowa kuma ya ce an rage mata wahala. Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki wannan hukunci aka ɗora shi a kan ɗan Adam, kuma abin da John Steinbeck, marubucin Amurka, ya ajiye a gaban masu karatu ke nan a littafinsa Of Mice and Men na 1937.

George da Lennie 'yan ci-rani ne masu bin gonakin Kalifoniya a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Lennie ƙato ne mai ƙarfin gaske, amma hankalinsa na yaro ne. Burinsu ɗaya: su mallaki 'yar gonarsu, Lennie ya riƙa kiwon zomaye. Sai tsautsayi ya faɗa, Lennie ya karya wuyan matar Curley, ɗan mai gonar da suke aiki, ba da niyya ba. Curley ya tara mutane da bindigogi. George ya riga su isa maɓoyar abokinsa a bakin kogi, ya sa shi kallon tsallake, ya shiga ba shi labarin gonar da suke buri, sannan ya harbe shi a ƙeya.

Masu kare George suna cewa da taron ya kama Lennie, da mutuwarsa ta fi haka muni. Steinbeck ma ya share wa wannan hujja hanya, domin tun da farko an harbe tsohon karen Candy, abokin aikinsu, da bindigar da George ya yi amfani da ita, wai don a hutar da shi.

Amma Lennie ba majinyaci ba ne, bai roƙi mutuwa ba, bai ma san tana bayansa ba. Ya juya baya ne saboda ya amince da muryar da ke masa magana. Ko a Holan da Beljiyam, inda aka halatta wa likita irin wannan aiki a 2002, sharaɗin farko shi ne mai ran ya nema da kansa. A Arewa kuwa, dokar Final Kod ta 1960 tana kiransa kisan kai ko da mamacin ya yarda, sassauci kawai ake samu a hukunci. Shari'ar Musulunci ta fi tsanani: a Sahihul Bukhari akwai labarin wanda rauni ya dame shi, ya yanke hannunsa har jini ya ƙare, aka haramta masa Aljanna. Wanda ba a ba shi iko da ransa ba, ina zai samu iko da na amininsa?

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi a muhawarar: taron da ya ɗauki doka a hannu. Mutanen Kano sun san shi. A watan Maris na 2025, irinsa ya kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyar dawowa gida hutun Sallah. Tsoron irin wannan taro ne ya tura George, sai dai abin da ya yi bai hana ta'asar ba, zartar da ita ya yi da hannunsa.

George na son Lennie, wannan ba a musu. Haƙƙin abota shi ne ya tsaya tsakaninsa da Curley, ya miƙa shi gaban alƙali da ransa. Bai yi ba, don haka sunan abin da ya aikata kisan kai.