Filin Mata: Wane Ne Mai Shan Jinin 'Ya'yanmu?

 Zancenmu na wannan mako a kan maita ne, amma bari mu fara da ta Turawa.

A shekarar 1972 gidan talabijin na ABC a Amurka ya nuna wani fim mai ban tsoro, sunansa The Night Stalker. Labarin wani matacce ne da ke yawo da dare a birnin Las Vegas yana shanye jinin mata, har wani ɗan jarida mai suna Kolchak ya gano maɓoyarsa, ya kafa masa turke a ƙirji. Wannan duk ƙage ne, amma tsoron yana da asali. A 1892 mutanen wani ƙauye a jihar Rhode Island sun tone kabarin wata budurwa, suka ƙone zuciyarta, wai ita ke shanye ɗan'uwanta. Alhali tarin fuka ne ke cin gidan, kuma saurayin bai daɗe ba ya rasu.

Kada ku yi musu dariya. Mu ma nan Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana, da damina ta kankama yaro ya kwanta da zazzaɓi, ya yi fari fat, sai ki ji ana raɗa an kama kurwarsa. Wa ake nunawa? Galibi tsohuwa ce marar gata, ko kishiya. A tilasta mata ta tsallake yaro, a ɓata mata suna har jikoki, 'ya'yanta mata su rasa manema. Yaro kuwa yana kwance, lokacin ceto yana wucewa.

To, mai shan jini akwai shi, amma sauro ne. A 1897, shekarar da aka buga littafin Dracula, wani likita Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro a ƙasar Indiya. Macen sauro ce ke cizo. Ƙwayar da ta zuba ita ke farfasa ƙwayoyin jinin yaro, shi ya sa yake ɗashewa.

Saboda haka, uwargida, in jikin ɗanki ya yi zafi, duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa. In sun yi fari, ko yana taune-taune, ki goya shi zuwa asibiti a ranar. Ki ɗaura gidan sauro kowane dare, ki kifar da fasassun tukwane, a share kwatami. Ki riƙa ba shi wake da hanta da miyar zogale.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan cikin ladabi. In kun ji ana jifan wata tsohuwa da maita, ku tambaya ko an auna jinin yaron tukuna.

Allah ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.